Tarihin Shigar Ladubban Bincike Cikin Karatun Digirin Dakta

A jami'o'i da yawa na Turai da Amurka, ɗalibin da ya shiga neman digirin dakta yakan tarar an ajiye masa wani darasi wanda magabatansa ba su taɓa zama ajinsa ba. Darasin nan shi ne na ladubban bincike, watau sanin haƙƙin da ke wuyan mai bincike game da mutanen da yake bincike a kansu, da abokan aikinsa, da masu karanta abin da ya rubuta. Daga baya kuma aka haɗa masa da wani, wanda ake kira buɗaɗɗen ilmi, watau mai bincike ya ajiye hujjojinsa da hanyar aikinsa a sarari, inda duk mai so zai iya dubawa. Darussan nan biyu ba tare suka taso ba, kuma ba don ganin dama jami'o'i suka karɓe su ba, gama galibin ƙa'idodin da ke cikinsu wata ɓarna ce ta haife su. Nufin wannan takarda shi ne a bi sawunsu, a ga ta inda kowanne ya ɓullo, da abin da ya sa a ƙarshe aka gane na farko ba ya tsayawa sai da na biyu.

Koyo a Gaban Malami

Digirin dakta irin wanda ake samu ta hanyar bincike ya yi ƙarfi ne a jami'o'in Jamus cikin ƙarni na 19, musamman bayan an kafa Jami'ar Balin a 1810 bisa shawarar Wilhelm von Humboldt, wanda ya ga ya kamata koyarwa da bincike su zauna inuwa ɗaya. Daga can al'adar ta yaɗu. Jami'ar Yale ita ce ta fara ba da irin wannan digiri a Amurka a 1861, Jami'ar Oxford kuwa ba ta karɓe shi ba sai 1917. A duk wuraren nan tsarin karatun bai bambanta da na yaron maƙeri ba. Yaro yakan zauna yana zuga, yana kallon hannun maigidansa, har ran da aka miƙa masa masaɓa. Haka ɗalibi yakan liƙe wa shehun malami guda shekara da shekaru, ya ga yadda yake awo, da yadda yake rubuta abin da ya gani, da abin da yake yi in gwaji ya ƙi. Ba wanda ya ga dalilin sa ladubba cikin manhaja, don an ɗauka zama da maɗaukin kanwa shi ke kawo farin kai. Abin da ba a lura da shi ba shi ne, in malamin ya zamo maha'inci, ko kuwa ɗalibai suka yi masa yawa har ba ya ganin aikin kowannensu, to, ɗalibi ba shi da wata makarantar da zai koyi gaskiyar aiki.

Shi ma bayyana sakamako a fili ba haka nan aka gaje shi ba. Masanan farkon ƙarni na 17 sukan ɓoye abin da suka gano, don tsoron kada wani ya riga su shela. A 1610, da Galileo na Italiya ya ga tauraruwar Zara tana cika tana raguwa kamar wata, sai ya rubuta labarin da haruffa a hargitse ya aika, yadda ba mai iya karantawa, amma in wani ya yi da'awa daga baya yana da shaidar shi ya riga. Wanda ya sami maganin wannan rowa shi ne Henry Oldenburg, magatakardan ƙungiyar masana ta Landan da ake kira Royal Society. A watan Maris na 1665 ya fara buga mujallar Philosophical Transactions, inda masani zai bayyana abin da ya gano da sunansa da kwanan wata. Ta haka yabo ya zama nasa, ilmin kuwa ya zama na kowa.

Amma fa mujalla sakamako take bugawa, littafin awon mai bincike yana nan cikin akwatinsa, saboda haka ƙofar ha'inci ba ta rufu ba. Tun a 1830 Charles Babbage ya lissafa iri huɗu: na mai shirya ƙarya don ya kunyata masana, da na mai ƙaga awon da bai yi ba, da na mai datse awon da ya yi nisa da sauran don su daidaita, da na mai yin awo barkatai ya tsinci wanda ya dace da ra'ayinsa. Shekara 159 suka wuce kafin wata hukuma ta ce lalle a zaunar da ɗalibai a karantar da su a kan waɗannan abubuwa.

Haƙƙin Wanda Ake Bincike a Kansa

Ladubban da aka fara rubutawa su ne na likitoci. Bayan Yaƙin Duniya na Biyu aka gurfanar da mutum 23 a birnin Nuremberg, 20 daga cikinsu likitoci, saboda gwaje-gwajen da suka yi a jikin fursunonin Jamus. A hukuncin da aka yanke cikin Agusta 1947 alƙalai suka zayyana sharuɗɗa goma, na farkonsu kuwa shi ne kada a gwada kome a jikin mutum sai da yardarsa, bayan ya fahimci abin da za a yi masa. A 1964 Ƙungiyar Likitoci ta Duniya ta ƙara da Sanarwar Helsinki. Duk da haka likitocin ƙasashen da suka ci yaƙi sun ɗauka dokokin nan don azzalumai aka yi su, ba su shafi mutanen kirki ba. Henry Beecher na Jami'ar Harvard shi ya tashe su daga wannan barci a 1966, sa'ad da ya jera misalai 22 na binciken da aka buga a manyan mujallu, inda aka sa rayukan majinyata cikin haɗari.

Abin da ya fi wannan muni ya fito fili cikin Yuli 1972. Tun daga 1932 Hukumar Lafiyar Jama'a ta Amurka take bin lafiyar baƙar fata 600 a yankin Tuskegee na jihar Alabama, galibinsu matalautan manoma, 399 daga cikinsu suna ɗauke da tunjere. Ba a gaya musu sunan cutarsu ba, kuma ko bayan fenisilin ya zama sanannen maganinta ba a ba su ba, don ana so a ga yadda cutar ke cin mutum in an ƙyale ta. Wani ma'aikacin hukumar, Peter Buxtun, ya yi ta ƙorafi tun 1966 ba a saurare shi ba, sai da ya kai maganar ga 'yan jarida. Daga nan aka yi dokar 1974 wadda ta kafa kwamitocin duba bincike kafin a fara shi, sa'an nan Rahoton Belmont na 1979 ya tattara al'amarin cikin ginshiƙai uku: girmama mutum, da neman alherinsa, da adalci wajen rabon wahala da amfani.

Sai dai abin da waɗannan dokoki suka haifa kwamiti ne da takardar izini. Ɗalibi yakan gamu da ladubba a matsayin fom ɗin da zai cike a sa masa hannu. Kano kuwa shaida ce cewa takarda ita kaɗai ba ta tsare kowa. A 1996, cikin annobar sanƙarau, kamfanin Pfizer ya gwada maganin Trovan a wani bincike da ya ƙunshi yara 200 a asibitin cututtuka masu yaɗuwa na birnin, 11 daga cikinsu suka rasu. Kamfanin ya ce cutar ce ta kashe su, kuma an nemi yardar iyaye da baki. Iyaye da dama suka ce ba a gaya musu gwaji ne ake yi ba. A 2001 jaridar Washington Post ta ba da labarin cewa takardar amincewar kwamitin ladubba da aka nuna daga baya aka rubuta ta, aka sa mata tsohon kwanan wata. A 2009 aka yi sulhu da Gwamnatin Jihar Kano a kan dala miliyan 75, ba tare da kamfanin ya amsa laifi ba. A tsakanin nan ne, a 2007, Nijeriya ta fitar da kundin ladubban binciken lafiya na ƙasa.

Amanar Alƙalami

Akwai wata cin amana ta biyu, wadda ba jikin mutum take taɓawa ba, watau ƙarya cikin abin da aka rubuta. Ita ce ta kai ladubba cikin aji. A 1974, a cibiyar binciken ciwon daji ta Sloan-Kettering a New York, William Summerlin ya ce ya sami hanyar dasa fatar baƙin ɓera a jikin farin ɓera ba tare da jikin ya ƙi ta ba. Wani mai kula da dabbobin ya goga wurin da barasar asibiti, sai baƙin ya goge, ashe tawadar alƙalami ce. Irin waɗannan labarai suka yawaita, har a ƙarshen Maris 1981 wani ƙaramin kwamitin Majalisar Wakilan Amurka, a ƙarƙashin Albert Gore, ya zauna sauraron bahasi a kansu. Shugabannin masana suka zo suka ce abin bai kai yadda ake zuzuta shi ba, kuma ilmi da kansa yakan gyara kurakuransa.

Ba a cika wata biyu da wannan zama ba sai asirin John Darsee ya fara tonuwa. Shi matashin likita ne mai binciken zuciya a Harvard, wanda takardunsa ke fitowa da sauri har abokan aikinsa suka yi shakka. Da aka ce ya kawo ainihin awon da ya yi a jikin karnuka, sai aka gan shi da ido yana rubuta lokatai daban-daban, har na makonni, a kan awon da ya ɗauka cikin 'yan mintoci. Bincike ya nuna ƙaryar ta faro tun yana ɗalibi, ta biyo shi daga jami'a zuwa jami'a, manyan malamai suna sa sunayensu a takardunsa ba tare da sun ga littafin awonsa ba. A 1983 aka hana shi kuɗin binciken gwamnati har shekara goma.

Daga nan aka daina dogara ga zama da malami shi kaɗai. A 1989 Cibiyar Masana Kimiyya ta Amurka ta buga wani ɗan littafi don sababbin masu bincike, mai suna On Being a Scientist. A watan Disamba na shekarar, Hukumar Binciken Lafiya ta ƙasar, wadda ake taƙaita sunanta NIH, ta sanar cewa daga 1 ga Yuli 1990 duk jami'ar da ke neman kuɗin horar da masu bincike sai ta nuna yadda za ta koya musu ladubba. Darussan suka ƙunshi wa ya cancanci a sa sunansa a takarda, da adana bayanai, da abin da za a yi in son kuɗi ya ci karo da gaskiya, da haƙƙin mutum da na dabba, da inda ake kai ƙara. A 2009 hukumar ta ƙayyade cewa darasin kada ya gaza awa takwas, kuma a yi shi ido da ido, karatun intanet shi kaɗai bai isa ba. Daga Janairu 2010 hukumar da ke ba da kuɗin sauran fannonin kimiyya ita ma ta sa irin wannan sharaɗi.

To, amma darasi abu ne guda, aiki kuma wani abu. A 2005 Brian Martinson da abokansa biyu suka buga a mujallar Nature amsoshin masu bincike 3,247 da NIH ke ba kuɗi, waɗanda aka tambaya ba tare da sunayensu ba. Waɗanda suka amsa ƙagen alƙaluma kashi 0.3 cikin ɗari ne kawai. Amma kashi 33 sun amsa cewa cikin shekara uku da suka wuce sun aikata aƙalla ɗaya daga manyan laifuffuka goma da aka lissafa, kashi 27.5 kuma sun ce ba sa adana bayanan aikinsu yadda ya kamata. Ashe babbar cutar sakaci ce da ƙananan gyare-gyare, waɗanda suka zama jiki, ɗalibi kuwa a ɗakin gwaje-gwaje yake koyonsu kowace rana, alhali ladubba awa takwas aka ba su.

Ɗaliban Stapel

Abin da ya faru a ƙasar Holan a 2011 ya nuna ƙarara inda ɗalibi ke tsaye cikin wannan al'amari. Diederik Stapel shehun malami ne na ilmin halayyar ɗan Adam, ya sami digirinsa na dakta a Amsterdam a 1997, ya koyar a Groningen, ya koma Tilburg a 2006, har ya zama shugaban tsangaya a 2010. A Afrilu 2011 mujallar Science ta buga takardarsa wadda ta ce a tashar jirgin ƙasa ta Utrecht, lokacin da masu shara ke yajin aiki, Turawa sun fi nisantar baƙar fata wajen zama, watau ƙazantar wuri tana ƙara wariya. Gwajin nan ba a taɓa yinsa ba.

Dabararsa ita ce, yakan zauna da ɗalibi su tsara bincike tare, su shirya takardun tambayoyi, a loda masa a mota. Sai ya ce yana da makarantun sakandare da suka amince da shi, amma ba sa son baƙi, don haka shi kaɗai zai tafi. Bayan makonni ya dawo da jadawalin alƙaluma a shirye, waɗanda shi ya zauna ya ƙaga. Ɗalibi yakan ga kamar gata aka yi masa, an ɗauke masa wahalar fita, ga sakamako ya fito tsaf kamar yadda aka zata. Wanda ya nemi ganin ainihin takardun da aka cike kuwa, sai a nuna masa bai yarda da malaminsa ba ke nan.

Matasan masu bincike uku na sashen su ne suka lura alƙaluman sun cika kyau. Suka yi watanni suna tara hujja a ɓoye, gama sun san makomarsu tana hannun wanda suke zargi, sa'an nan a ƙarshen Agusta 2011 suka kai wa shugaban sashe. Aka dakatar da Stapel cikin Satumba. Kwamitoci uku, babbansu a ƙarƙashin Willem Levelt, suka ba da rahoton ƙarshe ran 28 ga Nuwamba 2012. Sun tabbatar da ha'inci cikin takardu 55, da kuma kundayen digirin dakta goma da ya duba. Ba a sami ɗaliban da laifi ba, ba a kuma karɓe musu digiri ba, amma aikin ƙuruciyarsu ya tashi a banza, takardun da za su nemi aiki da su aka janye.

Rahoton bai tsaya a kan mutum guda ba. Ya nuna abokan rubutu da masu tace takardu da editoci duk sun wuce alƙaluman da hankali ba zai ɗauka ba. Ya kuma ce wasu daga cikin waɗanda aka yi wa tambayoyi ba su ga aibin maimaita gwaji har sai ya ba da abin da ake so ba, ko zubar da amsoshin da suka saɓa, don haka suka ga ana yi. A wannan shekarar ta 2011 Joseph Simmons da Leif Nelson da Uri Simonsohn suka nuna da lissafi cewa in mai bincike ya haɗa irin waɗannan 'yan dabaru guda huɗu, yiwuwar ya sami sakamakon da babu shi takan tashi daga kashi 5 zuwa kusan kashi 61 cikin ɗari.

Ɗalibin da Aka Ba Jadawali

Ya kamata a ajiye wani labari kusa da wannan. A 2010 masana tattalin arziki biyu, Carmen Reinhart da Kenneth Rogoff, suka buga takarda wadda ta ce in bashin gwamnati ya wuce kashi 90 cikin ɗari na abin da ƙasa ke samarwa a shekara, bunƙasar tattalin arzikinta kan faɗi ƙasa da sifiri kaɗan. 'Yan siyasar Amurka da na Turai suka riƙa kafa hujja da ita wajen tsuke bakin aljihun gwamnati. A 2012 malaman wani aji a Jami'ar Massachusetts da ke Amherst suka ba ɗalibansu aiki: kowa ya zaɓi wata sananniyar takarda ya sake lissafinta da kansa. Thomas Herndon ya zaɓi wannan, ya yi ta lissafi ya ƙi fitowa daidai. Ya rubuta wa marubutan, su kuwa suka aiko masa da ainihin jadawalinsu. Da ya buɗe sai ya ga wajen fitar da matsakaici an tsallake ƙasashe biyar cikin 20, ban da wasu shekarun da ba a sa ba, da wata hanyar auna nauyi da ya ga ba ta dace ba. A Afrilu 2013 shi da malamansa Michael Ash da Robert Pollin suka nuna cewa in an gyara, adadin yana komawa bunƙasar kashi 2.2. Marubutan suka amsa kuskuren jadawali, suka yi jayayya a kan sauran.

Ɗaliban Stapel ba su gaza Herndon basira ko gaskiya ba. Shi an koya masa sake lissafin manya a matsayin aikin aji, kuma da ya nemi jadawali an ba shi. Su kuwa an raba su da tushen aikinsu. Gani ya kori ji.

Haɗuwar Darussa Biyu

Kafin wannan lokaci masu neman buɗe ilmi hanyarsu daban ce da ta masu koyar da ladubba. Damuwarsu ita ce tsadar mujallu da jinkirin bugawa. Paul Ginsparg ya buɗe rumbun arXiv a 1991 don masana kimiyya su ajiye takardunsu kyauta, a 1996 masu karanta ƙwayoyin gadon ɗan Adam suka yi alkawari a Bermuda cewa za su riƙa sakin abin da suka karanta cikin awa 24, a 2002 kuma aka fitar da sanarwar Budapest a kan karatu kyauta. Bayan 2011 ne aka ga buɗewar tana da wani amfani, watau tsare amana. A 2013 Brian Nosek da Jeffrey Spies suka kafa wata cibiya ta buɗaɗɗen ilmi a jihar Virginia. A shekarar ce kuma mujallar Cortex ta fara karɓar takarda tun kafin a tara bayanai, a duba tambayar da hanyar aikin, in sun yi kyau a yi alkawarin bugawa ko mene ne ya fito. A 2015 masu bincike 270 suka ba da labarin sake gwaje-gwaje 100 na ilmin halayya: 97 daga cikin na asali sun ce sun sami sakamako tabbatacce, amma wajen maimaitawa kashi 36 cikin ɗari ne suka ba da haka.

Matasa ba su jira manhaja ba. A 2018 wasu matasan masu bincike uku a Oxford suka fara taron shan shayi, inda ake karanta takardu a kan waɗannan matsaloli, al'adar kuwa ta bazu zuwa jami'o'i masu yawa a ƙasashe daban-daban. Hukumomi suka biyo baya. A Faransa dokar 25 ga Mayu 2016 ta wajabta wa makarantun digirin dakta koyar da kowane ɗalibi ladubban bincike, gyaran da aka yi mata cikin Agusta 2022 kuma ya ƙara da wayar da kai game da buɗaɗɗen ilmi, da rantsuwar riƙon amana wadda sabon dakta ke yi bayan ya kare kundinsa. A Nuwamba 2021 ƙasashe 193 na UNESCO suka amince da shawara guda a kan buɗe ilmi.

Buɗewa tana da iyaka, haƙƙin mutum kuwa shi ne iyakarta. Tsakanin 2001 da 2006 wata jami'a a Boston ta ɗauki hirarraki da tsofaffin mayaƙan Ailan ta Arewa, aka yi musu alkawarin ba mai ji sai bayan ransu. A 2011 hukumomin Birtaniya suka nemi faya-fayan ta hanyar shari'a, aka kuwa miƙa wasu. Saboda haka ɗalibi yana bukatar ya san abin da zai buɗe da abin da zai rufe, kada kuma ya ɗauki alkawarin da ba shi da ikon cikawa.

Abin da Ya Shafi Nazarin Hausa

Galibin wannan tarihi na Turai da Amurka ne, amma tushensa ba baƙo ba ne ga malaman ƙasar Hausa, waɗanda suka gaji isnadi da ijaza. Abdullahi ɗan Fodiyo ya rubuta Ida'un Nusukhi musamman don ya faɗi malaman da ya ɗauki ilmi daga gare su da littattafan da ya karanta a gabansu. A fagen boko kuma, littafin tatsuniyoyi da al'adun Hausa da R. S. Rattray ya buga a 1913, wanda ya tattara a ƙasar da ake kira Gana a yau, ya ambaci Malam Shaihu da ya rubuta su, ya kuma kawo ajamin malamin tare da boko da fassara. Har yau mai shakkar fassarar yana iya komawa ga ajamin ya yi hukunci da kansa.

Hujjar ɗalibin harshe da adabi ita ce muryar mawaƙi, da hirar tsohuwa, da takardar ajami da wani gida ya ara masa. Abin da tarihin nan ke nunawa shi ne, lacca a kan gaskiya tana da kyau, amma sai an haɗa ta da al'adar aiki. Ɗalibi ya tara bayanansa da kansa, ya rubuta wanda ya gaya masa da wuri da rana. Ya bayyana wa mai ba da labari inda muryarsa za ta je, ya nemi yardarsa da harshen da yake ji, ya ambaci sunan mai son a ambata, ya sakaya na mai tsoro. Sashe ya tanadi wurin ajiyar faya-fayai, kada su ƙare cikin wayar da za ta ɓace. A ba ɗaliban shekarar farko aiki irin na Herndon, su ɗauki wani bugaggen nazari su bi misalansa ɗaya bayan ɗaya zuwa tushensu. A kuma buɗe wa ɗalibi ƙofar kai kuka wadda ba ta bi ta ofishin mai duba aikinsa ba, gama matasan Tilburg sun yi watanni suna tsoro kafin su yi magana. Malaman kwalejojin horon malamai suna da rabo babba cikin wannan, don a hannunsu yawancin ɗalibai ke fara rubuta ɗan kundin bincike. Ran jarrabawa kuma, in mai jarrabawa ya sa yatsa a kan wani baiti ko wata jimla ya ce daga ina, ya kamata a iya ɗauko faifan a kunna masa nan take.